Ranar da Mahaifiyata Ta Kai Waina Gidan Silima

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana zaune da mu a nan Greensboro ta Amurka, na tafka wata ɓarna da har yau nake alfahari da ita. Na ɗauki nauyin bikin nuna finafinai na maƙwabtanmu 'yan asalin Meksiko, alhali akwai alkawari a wuyana cewa ni da harkar fim har abada. Bari in fara da alkawarin, don idan ban faɗe shi ba, ba za ku gane abin da ya sa mutum mai furfura a gemu ya yi ta zufa a cikin sanyin esi ba.

Ina saurayi a Tudun Wadar Zariya, sana'ata fassara fim a gidan kallo. Rumfa ce ta kwano, da benci-benci, da talabijin guda da bidiyo mai kaset. A sa fim ɗin Indiya, ni kuma ina gefen talabijin da makirufo ina mayar wa jama'a da shi Hausa nan take. Abin da ban taɓa faɗa wa masu kallo ba shi ne, Indiyancin da nake ji bai kai kalma goma ba. Da safe nake kallon fim ɗin sau biyu ni kaɗai, in karanci fuskoki, in gane wane ne mugu, wace ce ake zalunta, sauran kuma in ƙaro daga kaina. Kowa da muryar da nake ba shi, daga ɗan sanda har tsohuwa har budurwa. Ba yabon kai ba, rumfarmu cika take yi har a tsaitsaya a waje.

Muryar budurwar ce ta ja mini. Wata maƙwabciyarmu ta shiga gida ta ce wa mahaifiyata, ɗanki yana can a gaban ƙartai yana maƙale murya irin ta mata. Ni ne ɗan fari, saboda haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta yaba mini, ba ta ma cika yi mini doguwar magana ba. Kara ce irin ta mutanen da. Ranar ma ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka kira ni, ta kawar da kai gefe, ta ce, "Kai, yi mini alkawari. Kai da gidan kallo har abada." Na yi mata, na kuma riƙe shi fiye da shekara ashirin. Har a nan Amurka, idan yara za su silima uwarsu ke kai su, ni in ce akwai aiki a shago.

Shagon nawa na kayan abincin gida ne, a wani jerin shaguna da ke gefen titin Wendover. Wanda ke kusa da ni mai gidan burodi ne. A ƙasar nan aka haife shi, iyayensa ne suka zo daga Meksiko, irinsu ne ke kiran kansu Chicano. Mun daɗe muna zaman mutunci. Idan na tafi masallacin Juma'a shi ke karɓar mini kaya in mota ta kawo, kuma shi da kansa yake nuna mini burodin da babu man alade a ciki.

Wata safiya ya shigo yana sosa ƙeya. Ya ce shi da abokansa suna shirya ɗan biki duk shekara, suna nuna finafinan da mutanensu suka yi da kansu, na Chicano da na sauran 'yan Latin Amurka, waɗanda babu wani babban kamfani a bayansu. Wani ya ari kyamara, wani ya sa kakarsa da maƙwabta su yi wasan. Bana wanda ya saba ɗaukar nauyin zauren ranar Asabar ya janye, shi ne yake bin shaguna ko zai dace. Ya ce ya san ni ba mai kallo ba ne, ba zai ji haushi ba in na ce a'a. Sannan ya miƙo mini waya in ga guntun ɗaya daga cikin finafinan.

Minti biyu ne kawai, kuma da Sifaniyanci, wanda ban san kansa ba. Amma wallahi sai na ji leɓena yana motsi da kansa, ina sa wa mutanen cikin wayar magana a baki. Kafin ya gama bayani na ce na ɗauka. Na yi wa kaina fatawa nan take: ai alkawarin shiga gidan kallo na yi, ba na taimakon maƙwabci ba. Sharaɗi guda na kafa masa, kada a rubuta sunana a ko'ina. Bawan Allah ya cika sharaɗi, bai sa sunana ba. Tambarin shagona ya sa, tukunya a kan murhu mai duwatsu uku, ɓaro-ɓaro a ƙasan fosta. Ya kuma ajiye mini ƙananan takardun talla a kan kanta, ɗaya ta faɗa cikin ledar cefane ta bi ni gida.

Mahaifiyata ba ta karatun boko, amma ta san tukunyar nan, don tana ganinta a jikin kowace leda da ta shigo gidan. Na dawo daga sallar la'asar na tarar da ita da takardar a hannu.

"Kai, wannan ba tukunyarka ba ce?"

"Ita ce, Hajiya."

"Me take yi a takardar mutane?"

Na ce, "Taro ne na maƙwabta. Mai burodin nan da yake aiko miki da mai zaƙi. Na ɗan ba su gudummawa ne."

"Taron me?"

"Mutanensu ne dai suke haɗuwa shekara-shekara."

Daga kicin na ji matata ta yi wani tari wanda ba na mura ba. Mahaifiyata kuwa ta ajiye takardar, ta dube ni sama da ƙasa, abin da ba ta cika yi ba.

"Maƙwabcinka yana da taro, ka miƙa masa kuɗi ka naɗe hannu? Haka ka ga ana yi a gidanmu? Wa zai kai abinci?"

"Hajiya, nan ƙasar ba a yin haka."

"To mu muna yi."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Na so in ɓoye wa tsohuwa fim, sai ga shi na gayyato ta da hannuna, har da abinci. Washegari ta sa aka jiƙa shinkafa. Ta ciro tandar ƙarfen da ta taho da ita tun daga Zariya, wadda muka yi ta yi mata dariya a filin jirgi. Ta sa matata ta kira wata Anti 'yar Maraɗi, tsohuwa kamarta, da ke zaune wurin 'yarta a wancan ɓangaren gari. Aka tsayar da shawara: waina da miyar taushe, da zoɓo mai citta da kanumfari.

Matata ta tare ni a gareji ta ce, "Alhaji, ka faɗa mata kafin wikend ɗin nan. Wallahi idan ta shiga ta ga sikirin ɗin nuna fim, ni ba ruwana, ban san komai ba."

Sau uku ina zuwa da niyyar faɗa, sau uku ina komawa da maganata a baki. Tsoro yana ciki, ba zan ɓoye ba. Amma akwai wani abu kuma. Tun da muka kawo ta bayan rasuwar mahaifinmu, zamanta a gidanmu na wajen Sedgefield ɗaya ne: kujera a bakin taga, carbi a hannu, tana kallon motoci suna fita da safe suna dawowa da yamma. Satin nan kuwa sai ga ta a tsaye a tsakiyar kicin tana ba da umarni. A ƙara ruwa a ƙullun nan, a rage wuta, ke ba haka ake juya waina ba. Har dariyarta na jiyo daga falo. Na ce a raina bari dai a kai gobe, goben kuma ta yi ta matsawa har Asabar ta zo.

Bayan azahar muka loda kuloli a bayan mota, mu huɗu: ni, da matata, da mahaifiyata cikin leshinta na zuwa biki, da Anti 'yar Maraɗi. Zauren ƙarami ne, na taron unguwa, da faffaɗan baranda a gaba inda aka jera tebura. Maƙwabcina ya hango mu muna sauke kuloli ya riƙe kai. A wurinsu mai ɗaukar nauyi zuwa yake ya zauna a kujerar gaba, ba a taɓa yin wanda ya zo da miya ba. Amma ya tarbe mu da murna, ya sa aka ba mu tebur guda.

Abincin kuwa ya karɓu. Wata tsohuwa 'yar Meksiko ta kurɓi zoɓon nan ta yi ƙara, ta kira 'yan'uwanta, ashe su ma suna da irinsa, cittar ce baƙuwa a wurinsu. Wainar ma wasu da miya suka ci, wasu suka zuba mata nasu yajin na tumatir da barkono, kafin rabin awa kula ta koma wayam. Tsohuwar ta kama hannun mahaifiyata da hannu biyu tana ta zuba Sifaniyanci, mahaifiyata tana amsa mata da "Madalla, madalla, ai an zama ɗaya." Can ta juyo gare ni ta ce, "Wai biki ne ko suna? Ban ga amarya ba, ban ga mai jego ba." Kafin in haɗa wata ƙaryar, aka buɗe ƙofar ciki, jama'a suka fara shiga. Tsohuwar nan ba ta saki hannunta ba, da haka ta ja ta har layin kujerun baya, mu kuma muka bi.

Aka kashe fitilu. Farin allon da ke gaba ya kama haske. Abu na farko da ya bayyana kuwa, jerin tambarin masu ɗaukar nauyi ne, kuma tukunyata ce ta buɗe fage, girmanta ya kai ƙofar gida.

Mahaifiyata ta ce a hankali, "Wannan ai majigi ne."

"Shi ne, Hajiya."

"Ka kuma sani."

"Na sani."

Na ga ta tattara mayafinta za ta miƙe. Sai ta dubi damanta, ga tsohuwar da ta ci wainarta tana yi mata murmushi, ta dubi layin da ya cika maƙil da mutane. Ta koma ta zauna. Ta ce, "An ci abincina, ba zan tashi a tsakiyar taron mutane ba. Sai mun je gida." Ina da shekara arba'in da ɗoriya a lokacin, ina da ma'aikata, ana ce mini Alhaji. Amma "sai mun je gida" ɗin nan ta mayar da ni yaro kamar ranar da na fasa mata tulu.

Ta sunkuyar da kai ta kama carbi, ta ƙi kallon allon. Fim ɗin labarin wata tsohuwa ne da ɗanta ya ɗauko daga ƙauyensu a Meksiko ya kawo ta wani birni a Amurka. Da Sifaniyanci ake magana, ana rubuta fassarar Turanci a ƙasa. Wajen minti goma mahaifiyata ba ta ɗago ba, sai da aka nuno tsohuwar tana tafa ƙullun masara a tafin hannu, jikanta kuma ya shigo ya yi mata magana ya wuce ko kallonta bai yi ba. Ƙarar tafin nan ce ta sa ta ɗaga ido. Daga nan kuma ba ta sake sunkuyawa ba.

Can na ji ta ce, "Me ta ce wa yaron?"

Na yi kamar ba da ni ake ba, na taɓo matata. Ita kuwa ta yi iya ƙoƙarinta, amma aikin ba nata ba ne. Tana karanta rubutun tana juyawa kalma-kalma, kafin ta gama jimla ɗaya an wuce uku, kowa kuma muryarsa ɗaya kamar mai karanta takardar asibiti. Anti 'yar Maraɗi ta ce, "Ni fa ban gane wa ke magana ba."

Mahaifiyata ta ce wa matata, "Ke, bari." Sannan, ba tare da ta juyo ba, "Kai, faɗa mini."

"Hajiya, alkawarin fa?"

"Ni na karɓa, ni kuma nake tambaya."

Na matso da kai tsakaninta da Anti, na fara da raɗa. Jimloli biyar na farko baki ya yi nauyi. Daga nan abin ya dawo gaba ɗaya, kamar jiya na ajiye makirufo. Aikin yana da ƙa'idojinsa. Kana barin ɗan wasa ya fara, ka shigo a bayansa, ka gama kafin ya rufe baki. Idan ana kuka ba ka magana a kai. Idan an yi gaisuwa ka ba ta tsawonta na Hausa, don mutanenmu ba su yarda da gaisuwar kalma ɗaya ba. Na ba ɗan tsohuwar murya irin ta masu sauri kullum, na ba surukarta murya mai ladabin da bai kai zuci ba. Tsohuwar ce na tsaya ina jin nauyi, don muryar mata ce ta raba ni da sana'ar. Na fara yi mata da tawa muryar, amma a hankali ta zame, sai na tsinci kaina ina yi mata gajerun jimloli, ana kawar da kai, ana cewa "kai" maimakon suna. Maganar tsohuwa guda na sani ciki da waje, kuma mai ita tana zaune a gefena.

Anti ta fara ƙyalƙyala dariya daidai inda 'yan Meksiko ke dariya, tana salati daidai inda suke ajiyar zuciya. Wani Bature a gabanmu ya waiwayo sau biyu, na rage murya, amma ban daina ba.

Sai aka zo wani wuri da tsohuwar ta kira ƙanwarta a waya can ƙauye. Ta daɗe tana magana, rubutu yana ta wucewa a ƙasa, ni kuwa ina karantawa gabana yana faɗuwa. Na koma wa tsohuwar dabarata ta Tudun Wada, na ƙaro daga kaina. Na ce, "Ta ce ɗanta yana kula da ita sosai, ba ta rasa komai ba, ta gode Allah."

Mahaifiyata ta ce, "Ba shi ke nan ba. Ta yi magana mai tsawo. Kuma mai godiya ba ya riƙe waya haka. Ƙarasa."

A zamanina na yi wa ɗaruruwan mutane ƙari da ragi, ba wanda ya taɓa kama ni. Na jira aka zo inda babu magana, tsohuwar tana ban ruwa ga barkonon da ta shuka a bokitin fenti, sannan na faɗa mata yadda yake. Na ce, cewa tsohuwar ta yi, ɗana ya ba ni komai, ɗaki mai sanyi, gado mai laushi. Amma a garinmu ba a wuni ba a turo an tambaye ni wani abu ba, yadda ake jiƙa wannan, abin da ake ba mai ciwon kaza. Tun da na zo nan ba wanda ya tambaye ni yadda ake yin komai. Ko ƙofa sai an nuna mini yadda ake buɗe ta.

Carbin da ke hannun mahaifiyata ya daina tafiya. Ni kuwa sai satin wainar nan ya faɗo mini a rai, da dariyar da na jiyo daga kicin, na ji kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ci gaba da aikina har ƙarshen fim ɗin, ban sake rage ko kalma ɗaya ba.

Aka kunna fitilu, aka yi tafi. Maƙwabcina ya hau gaba ya yi godiya, ya nuno layinmu ya ce ga mutanen tukunya, da su aka samu zauren, da su kuma aka samu abincin da ya ƙare tun kafin shi ya ɗanɗana. Jama'a suka juyo suna tafa mana. Na ɗan ɗaga hannu kamar wanda aka kama da kayan sata.

Muna shirin fita wata mata ta taro mu tare da maƙwabcina. Ita ce ta shirya fim ɗin, kuma tsohuwar da ke ciki kakarta ce ta haƙiƙa. Ashe a bayanmu take tsaye jikin bango tun farko, tana kallon masu kallo. Ta ce ta lura da tsofaffin nan biyu, ba sa karanta rubutun amma suna dariya a kan lokaci, suna shiru a kan lokaci, har ta ga ɗaya tana share ido. Ta ji kuma muryoyi kala-kala suna fitowa daga kujera ɗaya. Tana so ta san me ke faruwa. Na ce mata da Turanci ba wani abu ba ne, ɗan bayani kawai nake yi musu.

Mahaifiyata ta ce, "Me ta ce, me ka ce?"

Na maimaita mata duka biyun. Ta gyara mayafi, ta fuskanci matar, ni ko kallona ba ta yi ba.

"Gaya mata fim ɗinta gaskiya ne, ta gaishe mini da kakarta." Na faɗa. "Gaya mata kuma ba ɗan bayani ba ne. Sana'arsa ce. Tun yana saurayi ake zuwa ana faɗa mini duk unguwarmu ba wanda ya kai shi. Ni na raba shi da ita, don na ji kunyar bakin mutane, ban kuma taɓa zuwa na ji da kunnena ba. Yau na ji. Ashe gwani ne."

Na ce, "Hajiya, ni zan faɗi wannan?"

"Akwai wani tafinta a nan ban da kai?"

Matata tana jin Turanci sarai, amma ta ɗauke kai tana duban silin. Ba yadda na iya. Na juya ga matar na fara, ina cewa "ɗanta" kamar wani can ake nufi. Ɗanta ya iya wannan aikin tun yana saurayi. Ita ta hana shi. Yau ta ji shi da kunnenta. Da na zo kalmar ƙarshe sai murya ta ƙi fita, ni da nake da muryoyi goma. Mahaifiyata kuwa wannan karon fuskata take kallo, tana tabbatarwa ban rage komai ba. Na daure na ƙarasa. Matar ta dafa ƙirji, maƙwabcina ya buga mini kafaɗa yana cewa shekara nawa muna tare ban taɓa faɗa masa ba.

A mota ba wanda ya tayar da zancen, a gida ma haka. Abin da ya canza shi ne na fara tafiya da ita shago, ta zauna a bayan kanta, masu sayayya suna tambayarta wace daddawa ce mai kyau, yaya ake gane garin da ya daɗe. Da shekara ta zagayo ta ce tana so ta koma Zariya, ban yi mata gardamar da na saba yi ba, ta asibiti da wutar lantarki. Na riga na ji dalilin daga bakin tsohuwar cikin fim ɗin nan. Tana can yanzu, ana ta turowa ana tambayarta abubuwa.

Bikin kuma har yau ina cikin masu ɗaukar nauyinsa, da sunana a rubuce. An ware mana layin baya saboda tsofaffinmu da ba sa karanta Turanci, a nan nake zama in yi musu aikina. Ina alfahari da wannan ƙwarai. Mutanen nan da aron kyamara suke ba da labarin iyayensu, kuma ina jin daɗi da ɗan abin da Allah ya hore mini ya taimaka an ga labaran. Na shiga ne da tunanin ni nake yi wa maƙwabci alheri, ban san ni ne zan fi kowa amfana ba.

Wani lokaci nakan zauna in yi lissafin shekarun da na yi ban taɓa makirufo ba, in ɗan ji zafi. Amma ba ya daɗewa. Uwa irin tawa ba ta yabon ɗan fari, ko a ɗaki balle a gaban baƙi, na kuma girma ban sa rai ba. Sau ɗaya tak ta yi a rayuwata, kuma da yake babu wani tafinta a wurin, sai da na ji shi sau biyu.